Hasumiyar da Yayana Yake Kai Baƙi

Duk baƙon da ya sauka a gidan yayana a garin Germantown, can ƙasar waje, sai ya hau hasumiyar nan kafin ya koma gida. Ba a tambayar mutum ko yana so. Ranar Asabar da hantsi Yaya zai ɗauki mukullin mota ya ce kowa ya sa takalmi mai rufi, shi ke nan. Ni ma haka aka yi mini da na zo daga Kano karatun aikin jinya a farkon shekarun dubu biyu. Ko gajiyar jirgi ba ta gama sakina ba aka sa ni a bayan mota, muka miƙi babbar hanya, muka wuce Frederick, muka karkata kan wani ɗan titi da yake hawa dutse.

Na ɗauka zan ga abu dogo siriri kamar hasumiyar masallaci. Da muka ajiye mota muka hau hanyar tsakuwa cikin itatuwa, sai na ga wani gini gajere mai kauri, na baƙin dutse, kamar rumbun hatsi. Ƙofarsa ƙarama ce. A ciki akwai matakala mai murɗewa, ga duhu ga danshi, mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya manne da bango. Amma in ka fito sama, gonaki da garuruwa ne shimfiɗe har iya ganinka.

Yaya injiniyan gadoji ne, kuma ya haddace tarihin wurin kamar karatun allo. A gindin ginin yake tsayawa, ya dafa dutsen da hannun dama, ya fara. Mutanen wani ɗan gari da ke ƙasan dutsen ne suka taso ranar bikin 'yancin ƙasarsu, suka hau da ƙafa, suka yi ta tara duwatsu suna jerawa ba siminti, don tunawa da wani shugabansu da ya mutu. Kafin rana ta faɗi sun kai rabi, suka koma gona, bayan girbi suka dawo suka ƙarasa. Daga baya ginin ya zube. Lokacin yaƙin basasarsu sojoji suka riƙa hawa kan ɓaraguzan suna hango abokan gaba. Aka sake ginawa, ya sake tsagewa ya zube, sai a zamanin da talauci ya kama ƙasar aka kawo samari marasa aiki suka tayar da shi yadda yake a yau. Daga nan sai Yaya ya juyo ya dubi baƙi.

“Mu fa? Wa muka taɓa tunawa? Mutum ya mutu, bayan sadakar uku an manta da shi.”

Yakan ce in ya yi ritaya zai gina irinta a kan dutsen ƙauyenmu saboda babanmu. Baƙi su ce Allah ya nufa. Ni ma ina cewa amin da gaske, don Yaya ne ya riƙe ni tun rasuwar baban namu, shi ya kawo ni ƙasar, kuma ni bai taɓa ɗaga mini murya ba. Auta yake ce mini, har na yi 'ya'ya.

Matarsa, wadda nake kira Anti, 'yar Zariya ce. Malamar firamare ce a gida. A nan rainon yaran maƙwabta take yi a falo, don Yaya bai yarda ta koyi mota ba. Suna da 'ya ɗaya mace. Anti ba ta da yawan magana, kuma tana tsoron wuri matsattse mai duhu, ko lif ba ta shiga sai dole. Yaya ya san haka sarai.

A shekarata ta biyu a gidan ta samu ciki bayan dogon jira. Cikin ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ta shiga, sai ga abokin Yaya na sakandare ya zo da matarsa. Ranar Asabar aka tafi. Da ƙyar Anti ta hau hanyar tsakuwa, tana tsayawa tana riƙe ƙugu. Bayan Yaya ya gama jawabinsa ta nemi wani benci ta zauna.

“Injiniya, ni zan jira ku a nan.”

“Kowa zai hau.”

“Dubi ƙafafuna fa.”

“Waɗanda suka gina wannan da duwatsu suka hau dutsen nan. Ke cikinki kawai kika ɗauko. Tashi, kada ki kunyata ni a gaban mutane.”

Matar baƙon ta ce a bar ta mana, Alhaji. Yaya ya yi dariya ya ce ai motsa jiki magani ne, ya juyo ya ce ko ba haka ba, Auta, ke da kike karatun? Kafin in haɗa amsa Anti ta miƙe. Su suka shiga gaba, ita a tsakiya, ni a bayanta. Mun kai wajen rabi, inda hasken ƙofa ya ɓace na sama kuma bai iso ba, sai ta tsaya. Na ji numfashinta yana fita da sauri kamar na wadda ta yi gudu. Ta durƙusa, ta zauna a kan matakalar, ta rungume bango. Ba ta iya gaba, ba ta iya baya. A bayana wasu Turawa masu yawon dutse da manyan jakunkuna suka yi cirko-cirko suna jira.

Na kira Yaya. Ya sauko 'yan matakala, na ɗauka hannu zai ba ta. Sai na ga walƙiyar kyamara ta haske wurin. Ya ɗauke ta hoto, bakinta a buɗe, mayafinta ya zame, ya koma sama wurin baƙinsa.

Da zama muka sauko da ita, matakala bayan matakala, ina riƙe da ƙafafunta ina sauke su. Wata tsohuwar Baturiya ta ba ta ruwa, ta shafa mata baya. Hoton kuwa Yaya ya wanke shi ya sa a album. Duk Sallah in mutane sun taru sai ya buɗe ya ce, “Ku zo ku ga Hajiya ta maƙale.” Wasu su yi dariya, wasu su duƙar da kai su ci gaba da cin nama. Anti tana nan tana zuba wa mutane zoɓo.

Yaron ya zo kafin lokacinsa. Namiji ne. Ya yi 'yan kwanaki a cikin kwalba ya koma. Na yi karatun, na yi aikin shekaru, kuma ba zan iya rantsewa cewa hawan nan ne ya jawo ba. Hawan jini ya kama ta tun kafin ranar. Amma na san ita abin da ta ɗauka a ranta ke nan. Tana kwance a asibiti Yaya da 'yan masallaci suka kai shi makabartar Musulmi. Da aka sallame ta ta roƙi a kai ta ta ga wurin, ya ce mata ba sa zuwa makabarta. Ta ce to a sa ɗan dutse ko allo don a gane. Ya ce jariri ne, a bar maganar, kuma kada ya ƙara jin ta a gidansa.

Ba ta yi arba'in ba wasu baƙin suka zo, aka sake tafiya. Wannan karon ba a ce mata ta hau ba. Da kanta ta shiga, idonta a rufe, tana laluben bango. A sama Yaya yana nuna wa baƙi inda aka gwabza yaƙi a kwarin da ke ƙasa, sai ta matso kusa da shi ta ce a hankali, “Ta wane ɓangare makabartar take?”

Bai ko juyo ba. “Rufe min baki, ina magana da mutane.”

Ɗaya daga cikin baƙin ya yi tari ya shiga gyaran hularsa. Yaya ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Bai taɓa dukanta ba, wannan zan faɗa masa. A waje kuwa mutumin kirki ne. Shi ke ɗauko sababbin zuwa daga filin jirgi, shi ke nema musu ɗaki, shi ake kira in an yi rasuwa. Na gama karatu, na yi aure, muka koma Sterling da mijina. 'Yarsu ta girma tana jin Hausa tana amsawa da Turanci, ta tafi jami'a a wata jiha mai nisa. Ita ce ta zaɓi mai nisan.

Bayan shekara ta dubu biyu da goma da 'yan kai, Yaya ya faɗi a wurin aiki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa, “a'a”, ita ma da ƙyar take fita. Amma yana gane komai. Duk wanda ya yi jinyar irin waɗannan ya san yadda ake ganewa, a ido ake gani.

Anti ta riƙe shi yadda ban taɓa ganin an riƙe majinyaci ba. Wanka kullum, aski, turare, farar riga a goge. Ta koyi mota, ta samo babba mai ɗaukar keken guragu. Matan unguwa in suna yi wa 'ya'yansu faɗa da ita suke ba da misali. Ni kaina na yi ta gode mata har da hawaye.

Wata Asabar da ganye ya fara ja yana zuba ta kira ni. Ta ce wasu ma'aurata sun zo daga Jos, za ta kai su hasumiya kamar yadda Injiniya ya saba, ko zan zo? Na ji daɗi. Na ce a raina ta yafe masa.

Ita ta tura keken a kan hanyar tsakuwa, ta ƙi yarda kowa ya kama mata. Keken yana tsalle a kan duwatsu, kan Yaya yana rangaji, ba ta rage sauri ba. Da muka isa ta tsayar da shi a gefe, ta je ta dafa dutsen ginin da hannun dama. Ban taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba.

“Wannan da kuke gani rumbun dankali ne. Wani manomi ne ya gina shi kwanan nan, da siminti, don ɓeraye sun dame shi. Ko ba haka ba, Injiniya?”

Yaya ya ɗago. Jijiyar wuyansa ta tashi. “A'a,” ya ce. “A'a. A'a.” Miyau ya zubo masa a kan riga.

Anti ta ciro hankici ta goge masa baki a tsanake. Ta dubi baƙi tana murmushi. “Ya ce haka ne. Tun da ya kwanta, in ya ce a'a, e yake nufi.”

Matar ta ce Allah sarki. Mijin kuwa ya riga ya karanta allon bayani da ke bakin hanya. Ya dubi allon, ya dubi Anti, ya dubi Yaya. Anti ta juya keken har gwiwoyin Yaya suka kusa taɓa bangon, ta taka birki, ta ce kowa ya zo a hau. Ta shige cikin duhun nan kamar ɗakinta.

Ni na tsaya. Na juyo da keken ya fuskanci itatuwa. Yaya ya damƙi wuyan hannuna da hannunsa na hagu, ya matse har na ji zafi, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya karkace. Ban san abin da zan yi ba, sai na fara ba shi tarihin yadda yake bayarwa. Mutanen gari, ranar biki, duwatsu ba siminti. Ya sassauta riƙon. Amma da na zo tsakiya sai na rikice, na sa yaƙin bayan sake gini na biyu. Ya saki hannuna ya kawar da kai.

Daga baya na gano kusan kowace Asabar Anti take kai shi can, da baƙi ko babu. Wata rana ta ce kurkukun ɓarayin kaji ne, wata rana kabarin dokin wani attajiri. In babu baƙi shi kaɗai take faɗa wa. Sai ta bar shi a ƙasa ta hau, ta daɗe a sama tare da wasu tsofaffin Turawa masu zuwa da madubin hangen nesa suna kallon shaho da mikiya lokacin ƙaurarsu. Har sun san ta, suna ara mata madubi.

Na same ta a kicin da yamma tana tace masa kunu.

“Anti, ki ji tsoron Allah. Abin da kike yi wa Yaya ba kyau.”

“Me na yi masa?”

“Kin sani.”

“Ke ma'aikaciyar jinya ce, Auta. Je ki ɗaga rigarsa ki duba bayansa. In kin ga gyambo ko ɗaya ki zo ki mare ni. Na taɓa barinsa da yunwa? Likita ya ce a riƙa fita da shi shan iska. Ina ne wurin da ya fi so a duk ƙasar nan? Tambayi kowa.”

Na ce mata mutum ne da ba ya iya kare kansa. Ta ajiye rariyar.

“Ranar da aka ba ni lasin tuƙi, kin san inda na fara zuwa? Makabarta. Na tambayi mai gadi, ya nuna mini ɓangaren jarirai. Ciyawa ce kawai, an aske ta tas. Na yi ta zagayawa har la'asar ta wuce. Na dawo na tambaye shi,” ta nuna falo da haɓa, “na ce dama ne ko hagu, kusa da katanga ko kusa da bishiya. Ya ce a'a. Duk abin da na tambaya, a'a. Ban san ko ya manta ba ne, ko bakin ne, ko halin nasa ne yana nan.” Ta ɗauki kofin kunun ta hura. “In kina ganin kin fi ni iyawa, ga shi nan, ɗauke shi.”

Na je wurin wani dattijo a masallacinmu, wanda Yaya yake girmamawa. Na fara bayani, ban kai ga rumbun dankali ba ya tare ni. Ya ce mace ta tura mijinta a keke har kan dutse don ya ga wurin da yake ƙauna? Allah ya ba 'ya'yanmu irinta. Ya ce in kiyayi shiga tsakanin miji da mata. Da na fito na ga yadda maganar take in an faɗe ta da baki. Ta yi masa ƙaryar tarihi. Wa zai ɗauki wannan laifi?

Sai na ɗauke Yaya na kai shi gidana. Gidanmu a hawa na biyu yake, babu lif, mijina ne ya goya shi ya hau da shi. Ga tagwayena ƙanana, ga aiki. Yaya ya ƙi cin abincina. In na juya shi sai ya yi ƙara, don ban san yadda kafaɗarsa take so a kama ta ba. Kunyar in yi masa tsarki ta sa ya riƙa riƙe fitsari har ya kamu da ciwo. Ya rame a idona. Wata safiya na tsuguna a gabansa na ce, “Yaya, in kana so ka zauna a nan, matsa hannuna.” Bai matsa ba. Na ce, “In kana so ka koma gida.” Ya matsa, ya rufe ido.

Anti ta karɓe shi a bakin ƙofa. Ta taɓa gemunsa ta ce, “An bar ka ba aski.” A ranar ya ci tuwo.

Wani lokacin zafi tsawa ta faɗa kan hasumiyar, duwatsu suka goce, aka kewaye ta da waya aka hana hawa har a gyara. Na yi murna a ɓoye. Amma Anti ba ta daina ba. Tana kai shi ta ajiye a bakin wayar, ita ta koma kan duwatsun gefe wurin masu kallon tsuntsaye.

A ƙarshen shekarar, sanyi ya shigo, ruwa ya kama su a can. Wani saurayi mai yawon dutse ne ya taya ta sauko da keken, shi ya kira motar asibiti da ya ga Yaya yana karkarwa. Da na isa asibitin na tarar da ita a jiƙe sharkaf, daga ita sai doguwar riga. Rigar sanyinta da mayafinta duk a jikin Yaya suke, ta naɗe shi da su. Na tambaye ta ko ba ta duba hasashen yanayi ba kafin su fita. Ta ce ta duba.

Sanyin ya sauka a huhunsa. Bai kai sabuwar shekara ba. Tana gefensa har ya cika, ita ta yi ta maimaita masa kalmar shahada a kunne, ita ta rufe masa ido. 'Yarsu ta iso washegari, ta rungume uwarta, ta tambaye ni da Turanci ko Baba ya sha wahala. Na ce a'a, cikin sauƙi ya tafi.

Anti ta yi takabarta a gidan, ta fita, ta sayar da shi. Ba a daɗe ba ta auri wani Banijare mai tuƙin babbar mota a Manassas, wanda matarsa ta rasu. 'Yan uwanmu na Kano suka yanke gaisuwa da ita saboda saurin auren. Abin da suka sani ke nan, ni kuma ban ƙara musu komai ba. Na je ɗaurin auren, na taya rabon abinci.

Yanzu a filin Idi muke haɗuwa. Ta yi ƙiba, tana dariya har da tafa hannu, abin da ban taɓa gani ba a gidan Yaya. Takan zo da dambun nama a roba saboda tagwayena, su kuwa tun daga nesa in sun hango ta suke sakin hannuna su ruga. Ta tambaye ni ciwon bayana, in tambaye ta maigidan. Sallar bara ta ce in bar mata yaran su yi hutu a wurinta. Na ce zan yi shawara da babansu. Yaran suka yi ta roƙo a mota har muka iso gida, ranar Juma'a na haɗa musu kaya na kai su.